Kumburin Idon Ramatu

Limancin Kona, Zariya

Ƙanwata Radiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Na san ita ta hana ki zuwa, kada ki damu. Na rubuto da hannu ne saboda saƙon murya yawo yake yi a gidan nan.

An yi sadakar bakwai ɗin maigidana Malam Labaran jiya. Kin san shi da kansa ya kai ni can garinku Kaduna aka yi mini aikin fatar ido, don ya gaji da ganina ina ɗage ta da yatsa in zan yi karatu. Likita ya haɗa da kumburin ƙasan idon ya cire. A gida Malam ya ce wajenki na je ziyara. Da aka cire zare na dawo, ko jakata ban kwance ba ya faɗi a zaure.

Haka na zauna makoki, ido a kumbure, ya yi ja, gefensa ya yi baƙi. Mata suna shigowa layi-layi suna duba fuskata kamar masu tayin akuya. Yayarsa Hajiya Batulu, wadda tun aurena take cewa na fi son littafi da ƙanenta, ta riƙe fuskata ta fashe da kuka, wai ashe ta zalunce ni. Nan take ta kira ƙanensu Ashiru, wanda ke son sashena don ɗansa zai yi aure. Ta ce masa muddin tana da rai ba mai fitar da ni, ko da ban haihu a gidan ba.

Radiya, zaman da na yi da mutumin nan bai saya mini ɗaki ba, wuƙar likita ta saya. Ina ƙaunarsa, kin sani. Amma idona a bushe yake, sai na ɗiga magani. Ki yi shiru da maganar aikin nan, ba ni da inda ya fi mini nan.

Ki gaida kowa.

Yayarki,
Ramatu

Limancin Kona, Zariya

Radiya,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta yi sauƙi, na gode da kika riƙe bakinki. Ni ce ban riƙe nawa ba.

Kumburi ya saɓe, ido ya buɗe tar kamar na amarya, ga ni cikin takaba. Hajiya Batulu ta ce hasken haƙuri ne. Ta shiga kawo mini surukanta tana nuna musu ni, su koyi yadda ake kukan miji. Ranar arba'in ta sa wata yarinya da ta rasa miji bara ta durƙusa gabana, tana yi mata gorin ita ko idonta bai yi ja ba. Yarinyar ta rame har wuyanta ya fito, ba wanda ya duba wannan.

Sai na faɗa musu komai: sunan aikin, inda aka yanka, da wanda ya kai ni. Na ce in da kumburi ake auna so, ciwon ido ma ya isa.

Hajiya Batulu ta ɗauki mayafinta ta fita. Washegari Ashiru ya shigo da magini don auna ɗakin. Sun yi mini adalci, sai na gama takaba za a fara aiki.

Ki share mini ɗakin baya, ki aiko da kwalaye masu ƙwari saboda littattafai. Kada ki zo ba da haƙuri, ban aike ki ba.

Maginin tsoho ne, ya yi ta ƙifta ido bai ga lambar da ke jikin abin awonsa ba. Daga inda nake zaune na karanta masa. Ki gaya wa likita aikinsa ya yi kyau.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarki,
Ramatu