Batirin Motarka Yana Bayan Ɗaki

Godiya ga Allah Mai rayawa, Mai kashewa. Tsira da aminci ga Manzonsa.

Zaidu ɗana, Malam Magagi ladan ya rasu da asuba. Batirin masallaci ya mutu, sai na ciro na motarka muka yi shela, har ya yi sanyi. Ka gafarce ni.

Na jona shi da sola. Kada ka kai shi cajin gaggawa na kasuwa, domin zafafa shi yake yi, daga baya ba ya riƙe wuta. Bar shi ya sha wuta sannu a hankali har la'asar, gobe ya kai mahaifiyarka asibiti a Yamai ba tare da ya tsaya muku a daji ba.

Na tafi jana'iza. Allah Ya jiƙan mai tashinmu salla, kai kuma Ya yi maka albarka.