Gambar Baba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Bayan haka, ka ga yadda ruwa ya ɗauke bana. Masarata ta ƙone a tsaye, dusa ta gagara, ragunan da na turke har bango suke lasa. An ce rumbunka cike yake da busasshiyar ciyawar gamba. Ka taimaka in turo mota. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ka huta lafiya,
Ƙanenka

Zuwa ga Auta,

Na amsa gaisuwarka, don ita ba a mayar da ita. Tela ke rubuta mini, na kuma hana shi shafa wa maganata zuma.

Wace gambar? Wadda ka sa tarakta ta kife a gonar Baba, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba? A gaban mutane ka ce ciyawar jakai ce, ni ne kuma jakin da ke gadinta. Mahauci har riƙe ciki ya yi don dariya. Na bi bayan taraktar ina tsince saiwoyi a gaban rigata, na dasa su a tsandaurin da ka ce shi ne rabona. Suka kama. Gamba ba ta tsoron fari, ni kuma ba na mantuwa.

Zan ba ka. Amma zumunci a ƙafa yake, ban yarda da mota ba. Ka zo da kanka, ka ɗauka a ka, ka bi ta gaban rumfar mahauci. Kowane dami da sawunsa.

Ka gaida yara,
Yayanka

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, na cika sharaɗinka, wuyana ne shaida. Mahauci ya tambaye ni ko a nemo mini mangala, na haɗiye. Ragunan sun ci, sun fara murjewa, na gode. Sai dai na kakkaɓe damman nan kaf a kan tabarma, ban ga ƙwayar iri ko ɗaya ba. Ka sam mini, in mayar da ita gonar Baba. Ai ya isa haka, Yaya.

Allah ya ja kwana,
Ƙanenka

Auta,

Ina gaisuwa. Ai ba za ka gani ba. Gambar kiwo tun tana ɗanya ake yanke ta, kafin ta fid da kai. Da ka taɓa tsayawa ka saurari Baba, da ka hutar da tabarmarka.

Ragunan ba su zage ni ba, shi ya sa suka ci. Iri yana cikin goran Baba, a ƙarƙashin gadona, nan kuma zai zauna. In ruwa ya sake ɗaukewa baɗi, ka san hanya. Na sa tela ya ɗinka maka gammo, ga shi nan haɗe da takardar.

Allah ya ba wuya lafiya,
Yayanka