Ke Kin Ce Ɗinya

Zuwa ga Mero, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar gawo lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe ganye, ƙanshin ƙasa ranar ruwan farko, zumar da ban taɓa kai wa ƙarshen ƙwaryarta ba. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ya lulluɓe ki kamar yadda raɓa ke lulluɓe gero da asuba.

Kin ga na rubuta sunanki. Shekara arba'in bakina bai furta shi ba, sai Hajiya, sai ke, sai in tambayi yara ko tana ciki. Ashe alƙalami ba shi da kunya irin ta baki. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ban yi boko ba, ajamin allo ne kawai, shi ma hannun ya manta rabinsa. Amma ke kina karanta shi, kuma ba na son kowa ya shiga tsakanina da ke a wannan magana, ko da 'yarmu Zulaiha ce da duk karatunta na jami'a.

Yau Juma'a. Na dawo daga masallacin Huaisheng na nan Guangzhou, na zauna a shago na ja ƙofa. Kwana biyar ke nan kina unguwar Tianhe a ɗakin Zulaiha, ba ki ɗaga wayata ba, kuma jiya ta gaya mini kin sa an dawo da tikitinki na Kano zuwa jibi Lahadi. Na san ki, hasken idona. Ba ki taɓa yin yaji ba, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba. Mace irinki idan ta naɗe zannuwanta a shiru, ba ta sake kwance su a garin. In kika hau jirgin nan a haka, na san Guangzhou ba za ta ƙara ganinki ba, ni kuwa ban san da wace fuska zan biyo ki ba. To me na yi? Na san abin da na yi. Abin da ban sani ba shi ne yadda aka yi na yi shi.

Zulaiha ce ta fara. Ita ta ce a nan ƙasar idan aure ya cika shekara arba'in miji yakan ɗauki matarsa su tafi wani wuri su biyu. Na ce mata wannan al'adar masu jan kunne ce, mu namu auren ba a ƙirga masa shekaru, addu'a ake yi masa. Na faɗa da ƙarfi don ki ji. Sai ga shi bayan kwana uku, ina fitowa daga kasuwar Baima, na tsaya a gaban shagon masu sayar da tikiti kamar an dasa ni. Wani hoto ne a jikin gilashi: gonar inabi layi-layi har gindin dutse, 'ya'yan sun yi baƙi sun rankwafo. Akwai rubutu a ƙasa. Souleymane, abokina na Maraɗi da muke haɗa kwantena tare, shi yana karatu, ya riƙe mini hannun riga ya ce in tsaya ya duba mini. Na fizge. Na ce masa ni da na shekara ashirin da ɗaya a garin nan ba sai an karanta mini inabi ba, ido ma yana karatu. Na nuna wa lawban, wato mai shagon, hoton, na ɗaga yatsa biyu.

Kin san dalilin. Ko kuwa in ce na ɗauka kin sani. Duk wanda ya taɓa cin abinci a gidana ya ji labarin: yadda na zo zance gidanku a Gezawa shekarar farin nan, bisa keken aro, da curin inabi a cikin hulata, kika ɗauki ƙwaya ɗaya kika juya baya kika ci don kada in ga bakinki. Ni ne fa ake kira idan 'yan Kano sun yi gardama a kan wanda ya fara zuwa garin nan, ko shekarar da aka rufe tsohuwar kasuwar takalma. A kaina ake ajiye irin waɗannan, don ba ni da littafi sai kan nan nawa. Na ce a raina, yarinyar da na ba curi ɗaya, bari in kai ta inda za ta ga inabi iya ganin idonta.

Kin tuna safiyar da motar ta ɗauko mu daga garin Yinchuan, inda jirgi ya sauke mu? Iska mai sanyi kamar ta bayan ruwan sama, dutse a gabanmu shuɗi-shuɗi, gonaki dama da hagu. Kika manna goshi a gilashin mota kamar ƙaramar yarinya, gyalenki ya zame ba ki kula ba. Wallahi da a ce a nan tafiyar ta ƙare, da na ce ban taɓa yin dabara irin wannan ba! Fuskarki ta yi mini kamar tafkin da rana ta faɗo a kansa. Har zuciyata ta fara shirya abin da zan faɗa wa Souleymane.

Sai aka sauke mu a wani babban gida, wata mata mai jagora ta tara mu da wasu Sinawa da Turawa biyu, aka gangara da mu ƙarƙashin ƙasa. Na ɗauka rumbun inabin ne. Sai na ga ganguna na katako jere har inda ido ya tsaya, ga wani wari kamar na kunun da ya kwana uku. Aka miƙo mana kofunan gilashi masu dogon wuya. Na duba na ga kowa yana juya nasa, yana cusa hanci, yana kurɓa, yana wasa da shi a baki, sannan ya tofar a bokiti. Mero, har yau ban gane ba. Mutum ya taso daga wata uwa duniya don ya tofar? In abin kirki ne me ya sa ba su haɗiye, in ba na kirki ba ne me ya kai shi baki? Ina tsaye da babbar riga da carbi a hannu, alhaji sau uku, a tsakiyar rumbun giya, da matata a gefena. Na tambayi matar ko akwai inabin ci. Ta yi murmushi ta ce meyo, babu, nasu duk na matsewa ne. Na juyo in ga ko kin yi fushi, sai na ga kafaɗunki suna rawa a cikin hijabi. Dariya kike yi! Ba ki taɓa yi mini kyau kamar a wannan wuri da bai kamata a gan mu ba. Na ja hannunki muka hau sama ina istigfari, kina ta share hawaye.

Da ma a nan na kama bakina.

Muka shiga cikin gonar mu kaɗai. Wasu mata masu ɗankwali suna tsinka, suka yi mana sallama irin tamu, abin ya ƙara ɗaure mini kai, ɗaya ta yanko miki curi. Ƙananan 'ya'ya ne, baƙaƙe wuluk, fata mai kauri, ƙwallo ya fi nama yawa. Kika sa ɗaya a baki, kika lumshe ido, kika ce wannan kamar ɗinyar nan da na kawo miki a hula. A hankali kika faɗa, da murmushi, kamar mai miƙa kyauta. Na ce wace ɗinya, inabi dai. Kika ce ɗinya ce, har ta ɓata mini hula, kika karɓa kika wanke a ɓoye kada Inna ta gani. Na ce inabi. Kika ce ɗinya. Kunyar rumbun nan tana cina, ga shi kuma ana so a ƙwace mini abin da na kawo ki dominsa, sai bakina ya riga hankalina. Na ce miki tsufa ya fara taɓa ki, kin fara ruɗewa. A gaban matan nan na faɗa, ko da ba su ji Hausa ba sun ji muryar.

Ba ki yi kuka ba. Kika ajiye curin a ƙasa, kika kakkaɓe hannu, kika ce: "Alhaji, shekaru ina jin kana ba baƙi labarin inabin nan, ina rufa maka asiri. Ni dai mai ɗinya na aura. Ban san inda ka kai shi ba."

Da muka dawo Guangzhou kika naɗe zannuwanki kika wuce wurin Zulaiha.

Kin san ni da taurin kai, ban yarda ba. Shekaranjiya na kira yayarki Hajjo a Kano, don ita kaɗai ta rage cikin waɗanda ke zauren ran nan. Ban gaya mata me ya faru ba, na dai tambaye ta me na kawo. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ɗan dakon Kantin Kwari mai silifa wari da wari, ina ya ga inabi a shekarar da gero ma ya gagari mutane? Na ce to ɗinya ce ke nan. Ta ce a'a, ita kanya take tunawa. Kin ji fa! Mutum uku, hula ɗaya, 'ya'yan itace uku. Amma ta rantse ko mene ne, daga jeji na tsinko shi a hanya, don har da ganye a ciki.

Tun daga lokacin nake zaune ina tonon kaina kamar mai neman allura a rumbu. Na rufe ido, wallahi inabi nake gani, Mero. Ina ganin curin, ina ganin yatsunki da lalle a kansa. Amma da na bi sawu a hankali sai na tuna ban taɓa sa inabi a bakina ba sai a Jidda, hajjina na farko, lokacin Zulaiha tana goye. To wa ya ɗauko inabin Jidda ya kai shi zauren Gezawa? Ni ne? Yaushe? Wataƙila wata rana ce a teburin manyan 'yan kasuwa, kowa yana faɗin abin da ya kai gidan surukai, ɗinya ta yi mini nauyi a baki. Wataƙila. Ban tuna na yi ƙarya ba, wannan shi ne abin da ke firgita ni. Maƙaryaci ya san inda ya binne gaskiya. Ni na binne na manta, na dasa itace a kai, na zauna a inuwarsa ina ba mutane labari.

In kuwa haka ne, me kuma na sake wa fenti? Keken aro ne ko a ƙafa na zo? Ranar da aka haifi ɗanmu na fari da bai zauna ba, ina ba da labarin ni na riƙe ki har gari ya waye. Na riƙe ki kuwa, ko ina Legas wajen kaya? Shekarun da na bar ki da yara ina nan ina cika kwantena, nakan ce kullum sai mun yi waya. Kullum ɗin ne? Ke kaɗai kika sani, kurciyar gidana, kuma ke ce na ce wa kin ruɗe. Ashe rijiyar da nake taƙama da ita, a gidanki idon ruwanta yake. In kika tafi da fushi, wa zan tambaya? Zan zauna a garin mutane da kai cike da labarai, ban san na gaske ba, ban san na aro ba.

Ba zan yi miki wata sabuwar ƙarya ba in ce na tuna ɗinyar. Ban tuna ba. Amma na yarda da bakinki fiye da idona, kuma kin san ban taɓa faɗa wa wani mahaluƙi haka ba. Ki yafe mini kalmar nan don girman Allah. Ba ke kika ruɗe ba. Mai ɗinyar nan da kike nema, ni ma ban san inda yake ba, sai dai ina zaton bai yi nisa ba, don wani abu a ƙirjina yana jin kunya irin wadda alhaji mai shago bai iya ba. Ashe yaron nan ya fi ni arziki: shi ya tsinko abin da yake da shi ya kawo, bai ji nauyi ba, aka kuma wanke masa hula.

Ga abin da nake roƙo, sanyin idona. Gobe bayan azahar zan zo in zauna a bencin da ke ƙasan benen su Zulaiha. Ba zan hau ba, ba zan aika a kira ki ba. In kin sauko, ki fara mini daga zauren, ki bi shekarun nan ɗaya bayan ɗaya yadda suke a wurinki, da masu daɗi da waɗanda na fi so a ce ba a yi ba. Na yi alkawari ba zan katse ki ba, ko da na ji abin da kaina bai yarda da shi ba. Zan ciji harshe. Kin san wannan ya fi mini azumin bazara wuya.

In kuma ba ki sauko ba, to ki sani na miƙa wa Souleymane makullan shago, kuma na yanki kujera a jirgin Lahadi. Ban ce a ba ni ta kusa da ke ba, wannan sai in ke kika ce. Tana can baya, wajen da ake jera kwanukan abinci. Tafiyar tana da tsawo, Mero. Ko a ina kika ga dama ki waiwayo, ina nan.

Naki tun ba ni da komai, naki har ranar da za a daidaita mini ƙasa,

Barmo