Salgar Wa Ke Tsiyaya a Rijiyata?

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Tela ne ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara ko kalma ɗaya.

Tun kina goye nake faɗa cewa mahaucin nan na bayanmu ne ke ɓata mini rijiya da salgarsa. Na kai ƙara, aka ce in yi haƙuri. Mahaifiyarki ta ce neman rigima ne. Da kika yi karatun ƙasa da duwatsu, na ce madalla, mai share mini hawaye ta zo.

Sai ga ku, ke da abokan aikinki, da wayoyin awo, kuka kakkafa ƙarafa a tsakar gida, kika kwashe abin da suka auno kika zuba a kwamfuta. Kika nuna mini cikin ƙasar gidana a yanke, hawa-hawa, ja bisa fari, rijiyata tsaye kamar maƙogwaro. Ga wani abu ruwan ɗorawa yana bin tsagar dutse yana shiga cikinta. Kika ce wai daga salgata yake fitowa. A gaban mahauci! Har da yi mini sannu, yana danne dariya.

Tun daga ran nan ruwa bai wuce mini wuya da daɗi ba. In na ɗaga kofi sai in ga abin nan yana tsiyaya. Da shi nake alwala, da shi aka raine ki. Tir! Mahaifiyarki ta rufe bakin rijiyar ta danne da dutse, yanzu famfon mahaucin take zuwa da bokiti, ko kunya.

Amma ni ban makance ba. Na ga lokacin da kika sa yatsa kika juya hoton, gabas ta koma yamma, salgar ta koma ɓangaren gidansa. Kika sake juyawa ta dawo wajena. Abin da ake juyawa da yatsa shi ne shaida? Wa ya sauka ƙasan ya gani?

Duba-gari sun ce a cike rijiyar. Ba mai zuba ko tafi ɗaya na ƙasa ina raye sai kin amsa. Na aika yayanki, shiru. Ki dawo da kwamfutar, a kira mahauci, ki ajiye ta, ki naɗe hannuwanki a baya, ki faɗa mini: kashin wa na sha duk shekarun nan?

Ki gaida mutanen gidan.

Mahaifinki, mai jiran amsa.