Na Koma Masaƙarmu ta Bakin Kogi

Geelong,
Talata, 17 ga Satumba.

Ya Stojan, sanyin idona, inuwar tsufana, ruwan sama da ya sauko wa gonar da kowa ya fid da rai da ita!

Gaisuwa gare ka mai yawan yashin bakin teku, mai ɗumin sabon bargon ulu. Ina roƙon 'yarka Vesna ta ɗora maka wannan takarda a cinya, ta fita ta ja ƙofa, don akwai maganar da ba ta kunnen 'ya ba ce.

Mako uku ke nan da ta kawo mini saƙonka. Ta tsaya a ƙofata tana murza makullin mota, ta kasa haɗa ido da ni. Ta ce, "Anti Noelene, ki yi haƙuri. Baba ba ya son ki ƙara zuwa asibiti. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ƙi fita, ba ya son ki gan shi haka. A fasa aurenku na Nuwamba kawai." Sannan ta miƙo mini 'yar takardar da ka rubuta da hannun hagu, baƙaƙen sun karkace kamar shinge bayan guguwa: Ki manta da ni.

In manta da kai? Ka fara ce wa kogin Barwon ya manta hanyar teku! Ka ce wa bishiyar turare ta daina ƙamshi in an yi ruwa! Amma ga abin kunya, masoyina: na bi umarninka. Na zauna a gida mako uku ina dafa shayi yana hucewa, ina gaya wa kaina wai mutuncinka nake kiyayewa.

Jiya na ɗauki Glenys, ƙawata tun muna 'yan mata a layin saƙa, muka tafi masaƙarmu. Rabona da wurin tun ranar da aka rufe ta. Kai, Stojan! Dogon bututun hayaƙin nan yana nan tsaye, tattabaru sun mai da shi gida. Marina, inda mutane ke fitowa da hannu shuɗi har gwiwa, ta zama wurin shan gahawa. Babban ɗakin saƙa kuwa, wanda ya ci ƙuruciyarmu ya ci kunnuwanmu, babu rufi, babu taga, sai bangon jan bulo biyu da motoci a fake a tsakani.

Wata budurwa ta fito daga wurin gahawar, ta ga tsofaffi biyu suna dube-dube a ƙasa. Ta ce, "Sannunku, Iya. Hanya kuka ɓata?"

Glenys ta nuna ta da sanda. "Mu? 'Yata, daidai inda kike tsaye ɗin nan na yi amai lokacin cikin ɗana na fari. Ke ce baƙuwa a nan."

Yarinyar ta matsa gefe da sauri, muka yi dariya har Glenys ta riƙe ƙugunta mai ciwo.

A kusurwar baya ba su zuba sabuwar kwalta ba. Tsohon daɓe yana nan, da ramukan ƙusoshin da suka riƙe injuna. Na ƙirga daga bango, layi na uku, na shida. Injina. Na tsaya a tsakiyar ramuka huɗu, sai ga ka a idona, hasken raina, kamar jiya: dogo, siriri, wata uku da saukowarka daga jirgin ruwa, sifana a aljihun baya, Turancinka bai cika cokali ba. Kana mamakin yadda injina ya fi na kowa lalacewa. Yau zan faɗa maka gaskiya: ni nake sassauta notin ƙoshiya da kaina, don a kira makaniki.

Ka tuna ƙarar ɗakin nan? Injin ɗari da ashirin suna duka lokaci guda, ƙasa tana rawa, ƙurar ulu tana yawo a hasken taga. Ko ihu mutum ya yi, na kusa da shi ba ya ji. A leɓe muke karanta magana. Kalmarka ta farko gare ni, daga can ƙarshen layi, ita ce, "Kin ci abinci?" Ka kawo mini burodi da gasasshen tattasai na mahaifiyarka, yaji ya sa ni hawaye, na cinye tas don kada ka ce 'yar Geelong raguwa ce. Wata biyu cur muna hira ban san kalar muryarka ba. Ranar da ka ce kana sona, babu kunnen da ya ji, amma mata goma sha biyu sun karanta, suka bar injunansu suna tafi.

To, kai ne yau za ka aiko mini cewa ba ka da magana? Ni? Ni da na so ka tun ba ka da murya, ba ka da harshen garin, ba ka da komai sai sifana da murmushi mai kama da fitowar rana a kan teku?

Daga nan ƙafata ta ja ni inda ba na son zuwa. Ka san wurin. Ranar Juma'ar nan, shekara arba'in da takwas da suka wuce, ka ari kwat ka tsaya a babbar ƙofa, za mu tafi tare ka gai da babana. Shi kuwa da safe ya gaya mini cewa muddin yana numfashi, baƙon da ba a iya furta sunansa ba zai zauna a teburinsa ba. Da jiniyar tashi daga aiki ta busa, na hango ka ta taga kana gyara wuyan kwat. Sai na juya, na sulale ta ƙaramar ƙofar bayan marina, na bi bakin kogi na gudu gida. An ce ka tsaya har maigadi ya ja ƙyaure. Ba ka taɓa yi mini gori ba. Ka bar masaƙa, ka auri Menka, na auri Graeme, Allah ya jiƙansu, mutanen kirki dukansu. Ko da muka sake haɗuwa a jana'izar tsohuwar shugabarmu shekara biyu da suka wuce, abin da kawai ka ce shi ne, "Noelene, kin makara kaɗan."

An cire babbar ƙofa, ko ginshiƙinta babu. Amma ƙaramar tana nan, ta yi tsatsa, da sarƙa a wuyanta. Glenys ta ce, "Ji tsiya! Komai ya rushe, ban da wannan." Na kama ƙarfen da hannu biyu, na yi kukan da ban yi ba a lokacin. Don a nan na gane, ya zumar zuciyata, cewa zaman gidan da na yi mako ukun nan ba biyayya ba ne. Tsoro ne. Tsohon tsoron nan ne ya canza riga. Na ji tsoron ganin bakinka a karkace, ka buɗe mini hanyar gudu, na ce na gode.

Glenys ta bari na gama, sannan ta miƙo mini hankici. Ta ce, "Ke, a wancan lokacin shekararki ashirin, an yafe miki. Yanzu sittin da takwas, da haƙoran roba. Wa kuma kike tsoro? Share majinarki, mutane suna shan gahawa."

Na share. Kuma ga abin da na yi tun daga lokacin, don ka san ba waƙa nake rera maka ba. Kafinta zai zo Alhamis ya cire matakalar ƙofata ya yi gangare don keken marasa lafiya, ya kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki. Gadon zai dawo ɗakin gaba, inda rana ke shigowa da safe. Na je gidanka na kwaso tukwanen irin tattasanka, sun kusa mutuwa, yanzu suna kan tagata sun ɗago kai. Coci kuwa ban soke komai ba. Sun tambaya, na ce ango yana hutawa ne.

Kada ka ce ban san abin da nake ɗauka ba. Wata goma sha huɗu na yi jinyar Graeme. Na san wanka, na san juya mutum, na san ranar da mara lafiya zai jefar da cokali ya tsani duk mai ƙafa biyu. Ka jefar, zan ɗauko. Ka yi fushi, zan zauna. Ba hannunka na dama na yi wa alkawari ba, kai na yi wa. Shekarun da suka rage mana ba su da yawa, tauraron asubata, kamar ruwan da ya saura a gindin buta ne, kuma ba zan bari girman kanka ya zubar da shi ba, kamar yadda tsorona ya zubar da na farko.

Ranar Asabar, ƙarfe goma na safe, zan shigo ɗakinka da shuɗiyar rigar da kake so. Ka sa Vesna ta yi maka aski. Idan har yanzu korata kake son yi, ba zan karɓa a takarda ba, ba zan karɓa ta bakin 'ya ba. Sai ka dube ni ka faɗa da kanka, kalma bayan kalma. Likita ya ce hakan zai ɗauki watanni. Na riga na sayi zaren saƙa, kuma kujerar gefen gadonka ta yi mini daidai.

Taka, a lafiya da ciwo, har ranar da za a rufe mini ido,

Noelene