Wane Littafi Zan Ɗora a Teburinmu na Alhamis?

Anti Zubaidatu, don Allah ki agaza mini da shawara kafin Alhamis mai zuwa, kaina ya ƙulle. Na san da kin fara karantawa za ki ce wannan wane irin mara aikin yi ne, mutane na kawo miki matsalar aure da ta iƙama, takardar zaman ƙasa, shi kuma ya kawo wasa. Ki daure ki kai ƙarshe. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

A Nuzla nake zaune, nan Jidda, ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Shekara uku ke nan mu huɗu muke haɗuwa duk Alhamis bayan la'asar a ɗakin baƙi na gidan su Abdulghani, mu yi wani wasa na labari. Ga yadda yake: ni ne mai riƙe da labarin, ni ke faɗa musu inda suke da abin da ya tunkaro su. Kowannensu yana da mutum guda a cikin labarin da yake magana da bakinsa. In wani ya ce mutuminsa zai yi abu mai haɗari, sai ya jefa ɗan ludo, abin da ya fito shi ke nuna ya dace ko ya faɗi. Ba caca ba ce, ko halala ɗaya ba ma sawa, shayi ne kawai da gurasar tamis da dariya.

Duniyar labarin namu babu fetur babu lantarki, komai da kwal da tururi yake tafiya. Muntaka yana ce mata sitimfank, mu dai duniyar tururi muke cewa. Mun ƙirƙiri wani birni a bakin teku mai suna Bandar Hayaƙi, inda jiragen sama masu kumburin ciki ke sauka a kan hasumiyoyi, injinan tagulla na sauke kaya suna tari. In kin ga aikin da muke yi duk mako za ki gane daga ina muka samo shi.

To, duk tsawon nan da dokar da na haɗa da kaina muke wasa. Ɗan ludo guda, in ya haura uku ka ci, in bai haura ba ka sha ƙasa. Muntaka ne ya fara gajiya da ita, kuma yana da gaskiya. Shi mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, ɗan Kano, kansa na ja sosai. Zai kwana biyu yana tsara wani inji a takarda, da bututunsa da tukunyarsa, ya zo da shi teburi, sai in ce jefa, ya jefa biyu, in ce injin ya fashe. Wanda ya ce zai daki ƙofa da ƙafa shi ma jifa ɗaya ne. Muntaka ya ce wannan zalunci ne, muka yarda a nemo doka ta gaske, irin wadda ake bugawa a littafi.

Yanzu littafi biyu ne a gabana. Na farko na Muntaka ne, wani ɗan uwansa da ya zo umra daga ƙasar waje ya riƙo masa. Shafi ɗari uku da wani abu, da Turanci, da hotuna masu kyau kamar ka shiga ciki. Akwai doka ga kowane irin inji, akwai 'yan ludo masu fuska goma da ashirin waɗanda ban taɓa gani a kasuwar Balad ba. Kowane ɗan wasa sai ya riƙe takarda mai shafi huɗu yana dubawa. Muntaka, bawan Allah, ya zauna wata biyar yana mayar da muhimman wuraren zuwa Hausa a littafin rubutu, da hannunsa, saboda mu. Na biyu Abdulghani ne ya samo a intanet ya buga a shagon buga takardu. Shafi ashirin kacal, ɗan ludo biyu na gida sun isa, abin da ɗan wasa zai riƙe bai wuce layi biyar ba. Shi Abdulghani haifaffen nan ne, Hausarsa rabi Larabci, Turancin ma da ƙyar, don haka ƙaramin ya fi masa.

Suka ce tunda ni ke riƙe da labari, ni zan zaɓa. Anti, ba zan ɓoye miki ba, raina yana kan babban. Na daɗe ina jin kunyar dokar nan tawa ta ɗan ludo guda.

Matsalar ita ce na huɗunmu, Isha'aku. Mutumin wajen Damagaram ne, ya girme mu duka, ya zo umra tun da daɗewa ya zauna, dako yake yi a siton da nake aiki. A teburi kuwa babu kamarsa. Wata tsohuwa yake yi mai suna Goggo Tukunya, mai hura wutar jirgi, ga baki ga rashin kunya. In ya shaƙe murya ya fara faɗanta har kwanciya muke yi don dariya. Akwai ranar da mahaifiyar Abdulghani ta aiko a tambaya wace tsohuwa ce muka shigo da ita gidanta ba ta zo sun gaisa ba.

Isha'aku ba ya karanta boko. Ni kaɗai na sani. Tun a shekarar farko na miƙa masa wata takarda, na ga ya daɗe yana kallonta, da muka fito sai ya faɗa mini, ya ce amana ce tsakanina da shi. Tun daga nan duk abin da zan raba a teburi sai in karanta masa a hanya, ya haddace, ya zo ya riƙe takardar kamar kowa. Haddarsa kuwa sai dai a ce masha Allah, shi ke ja mana Magariba, kuma yana da wani ɗan littafi a aljihu da yake rubuta saƙonnin gida da ajami. Amma boko ya ɗauke shi babban abin kunya, musamman a gaban Muntaka mai yawan jefa Turanci.

Alhamis ɗin da ta wuce muka ce mu gwada babban littafin. Ban san Muntaka ya shirya takardu ba, da na sani da na karanta wa Isha'aku tun a hanya. Ya raba mana, ya ce kowa ya zaɓi gwaninta uku cikin goma sha biyu ya karanto da ƙarfi, yalla, maza mu fara da babbanmu. Isha'aku ya juya takardar, ya sake juyawa, ya ce idonsa na masa zafi, rana ta buge shi a sito. Can ya ce ya tuna ana jiransa, ya tashi ya sa takalmi, shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Muntaka ya ji haushi, ya ce ya sha wahalar wata biyar mutum ya kasa ba shi minti biyar. Ni kuwa na yi zuru kamar an ɗinke mini baki, wallahi har yanzu ina jin haushin kaina.

Washegari bayan Juma'a na tare Isha'aku. Ya ce in zaɓi duk wanda nake so, halas, shi ke nan, shi dama ya gaji, wasan yara ne. Anti, ƙarya yake yi. Mutumin da ba shi da iyali a nan, ba ya iya yawo ko'ina saboda takardu, Alhamis ɗin nan ita ce kawai ranar da nake jin dariyarsa.

In na zaɓi babban, na kori Isha'aku. In na zaɓi ƙaramin ba tare da dalili ba, Muntaka zai ce na wulaƙanta wahalarsa. In na faɗi dalilin, na ci amana. Yaya zan yi?

Mai Riƙe da Labari,
Nuzla, Jidda

Ɗan uwana Mai Riƙe da Labari,

Ban yi maka dariya ba, sai dai Goggo Tukunya ta sa ni. Maza huɗu a ƙasar mutane su samu wurin da za su zauna su huta da ransu ba tare da saɓon Allah ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya cancanci a tsare shi.

Mu fara da littattafan, tunda su ka tambaya. Ban san wasanku ba, amma na san yadda ake zaɓen kayan da jama'a za su yi amfani da shi tare: ana auna shi da mutanen da ke wurin. Ka duba teburinka. Mutum ɗaya ne cikin 'yan wasanka uku zai iya buɗe babban littafin nan ya gane da kansa. Lokacinku daga la'asar ne zuwa Magariba, in kowane motsi sai an duba shafi huɗu, rabin zaman zai tafi a bincike. Don haka ƙaramin ya zama tushe. Wannan dalili ne na gaskiya, za ka iya faɗinsa a gaban kowa ba tare da ka taɓa sirrin kowa ba.

Amma kada ka yi wa Muntaka rashin adalci. Kukansa na gaskiya ne, kuma wata biyar na rubutu da hannu ƙauna ce, ko da ya nuna ta da faɗa. Bai san abin da ya taka ba ranar nan, saboda haka kada ka riƙe shi da laifin da bai san ya yi ba. Ka same shi shi kaɗai, ka ce masa kana son babin injina daga littafinsa ya shigo cikin wasanku, kuma shi zai riƙe shi. Duk wanda ya so ƙera wani abu a Bandar Hayaƙi, Muntaka ne alƙali, shi zai duba ya faɗi abin da za a jefa. Ku gwada haka Alhamis uku, sannan ku zauna ku huɗu ku ga abin da za a ƙara da wanda za a rage. In babban littafin yana da wani abin daɗi da kai ma kake so, ka ɗebo shi kaɗan-kaɗan, ka kawo shi da baki.

Yanzu ga wadda ta fi muhimmanci. Amana ba ta tashi, kada ka faɗa wa Muntaka komai, ko da ishara. Sai dai zan faɗa maka abin da na gani a wasiƙarka, ka yi haƙuri da ni. Ka ce Isha'aku ba ya karanta boko, can gaba kuma ka ce yana rubuta saƙonni da ajami. Haba ɗan uwa! Ai wannan mai karatu ne da rubutu. Harufanku ne bai sani ba, kamar yadda nake kyautata zaton in an miƙa wa Muntaka wasiƙar ajami zai juya ta sau biyu shi ma. Shekara uku kuna wannan wasa a garin da allon kowane shago da harufan Larabci yake, amma bai taɓa zuwa ran ɗayanku ba cewa takardar wasa za ta iya zama da su. Abdulghani ma zai fi kowa murna.

Ka taimaki Isha'aku da zuciya ɗaya, ban yi shakka ba. Amma karanta masa a hanya da kake yi ya ƙara tabbatar masa cewa yana da abin ɓoyewa, kuma ya ɗaure shi da kai, ranar da ba ka shirya ba ga abin da ya faru. Ka je ka same shi, ba ta waya ba, ba kuma a gaban abokan aiki ba. Ka fara da ba shi haƙuri a kan shirun da ka yi. Ka ce masa ka zaɓi ƙaramin littafi, kuma daga yanzu dokar teburin ita ce kowa ya rubuta takardarsa da hannunsa, da harufan da ya ga dama. Ka karanta masa layi biyar ɗin nan sau ɗaya, ka miƙa masa biro, ya rubuta da kansa. Ko zai faɗa wa sauran gaskiya, ko ba zai faɗa ba, wannan nasa ne, kada ka matsa masa.

Zai iya cewa a'a da farko. Babban mutum ne da ya ji kunya a gaban ƙannensa, irin wannan ba ya sauka a kwana biyu. In bai zo Alhamis ɗin nan ba, ku yi wasanku, amma kada ka ba wani Goggo Tukunya, kada ka kashe ta a labari. Ka sake komawa wurinsa mako mai zuwa, da wanda ke biye da shi.

Ranar da ya dawo ya ɗaga takardarsa zai karanta, ka riƙe bakinka. Kada ka taya shi, kada ka gyara masa, kada ka yi masa irin kallon nan na tausayi. Aikinka a kansa ya ƙare, sai ka zauna ka saurara kamar kowa.

Allah ya ƙara muku zumunci, ya tsare ku a baƙunci, ya mayar da Isha'aku cikinku da fara'arsa.

Anti Zubaidatu