Turakun Tanti na Maƙerar Kwandiko

Litinin, 8 ga Afrilu, 1968

Madalla da maƙerar gidanmu ta Kwandiko. Duniya na ta juyawa, ita ko gezau. Rumfar nan dai da kakanmu ya bari, hayaƙin nan dai, da Bappa Barau, yayan mahaifina, zaune gaban uwar maƙera kamar tare aka dasa su. Ka ce masa ana yaƙi a kudu, sai ya ce, "Wane irin yaƙi ne ba a zo an tambaye mu ba?" Daga nan ya ɗauko tarihi: kakansa ya narka tama ya ƙera kibau har sai da gawayi ya ƙare a ƙasar Gwaram, shi kuma lokacin yaƙin Bama ya yi wa Bature adduna, hannunsa ya kumbura. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari. Saboda shi na gudu na shiga elemantare, daga can na faɗa kasuwar Birnin Kudu.

To yau ga yaƙi ya zo tambaya, ta hannuna. Wani Alhaji a Kano ya sami kwangilar turakun ƙarfe na kafa tantin soja, ya gutsuro mini ɗari huɗu. Sati uku.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Bappa ya yarda, har da gyara hula. Amma ƙarfe fa? Ya ce in kawo. Na zaga Birnin Kudu kaf, ko guntun sifirin mota babu. 'Yan kwangila sun rigaye ni.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Na kasa zama wuri ɗaya. Idona sai komawa yake kan tulin nan na bayan rumfa: garemani, fartanyu, sungumai. Tun bayan girbi manoma ke zuwa su jefar da kayansu a nan, a gyara kafin damina. Babu takarda, babu alama. Bappa ne kawai ya san na wane da na wane. Ya taɓa ce mini, "Tun da aka kafa rumfar nan ba a taɓa cewa garma ta kwana a nan ta ɓace ba."

Ƙarfe ne dai zaune yana tsatsa.

Laraba, 17 ga Afrilu

Bappa ya tafi Gwaram jinyar ƙanwarsa, sai ta samu sauƙi zai dawo. Na zaunar da 'ya'yansa, Sabo da Maikano, na ce mu mayar da tulin nan turaku. Sabo ya ce, "Badaru, kayan amana ne fa." Na ce aro ne, kafin hadari ya haɗu na kawo ƙarfen Kano, sabo fil, kowa ya sami wadda ta fi tasa. Maikano ya ce, "In Baba ya dawo kai za ka yi bayani, ɗan boko." Na ce bayani ai sana'ata ce.

Takardar kwangila ta ce tsawon turke inci goma sha takwas. Babu rula a Kwandiko. Na ce musu kamu ɗaya ne, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kowa ya auna da nasa.

Talata, 30 ga Afrilu

An gama. Tulin bayan rumfa ya zama fili, har kaji na wanka a wurin.

Inna Turai ta leƙo tambayar garmar ɗanta Hambali, wanda ya shiga soja bara. Ita za ta riƙe gonar bana. Na ce, "Ana kanta, Inna." Ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗan nan." Da ta zage ni da ya fi mini.

Juma'a, 3 ga Mayu

Kano. Wani Saje ya zo da rular katako, ya jera turakun a ƙasa. Sai a lokacin na gani. Sabo dogo ne kamar giginya, Maikano kuwa da ƙyar yake leƙa katanga. Rabi sun zarce, rabi ba su kai ba. Ko ɗaya bai faɗa kan sha takwas ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ƙasa za su shiga, wa zai tono ya auna?" Ya ce, "Ni." Bai ko yi murmushi ba. Alhaji ya juya baya kamar bai taɓa ganina ba. Zancen ƙarfen Kano kuwa, ban ma ɗauko shi ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Kwana takwas turakun na cikin buhuna a zaurena. Na je Yalwan Damai ba dalili, na dawo. Na kunna rediyo, na kashe. Kowa na duban gabas yana fatan hadari, ni ina duba ina roƙon a ɗan jinkirta.

Litinin, 13 ga Mayu

An yi ruwa. Ruwan shuka sosai.

Talata, 14 ga Mayu

Na yi niyyar wucewa Bauchi. Har na tsaya bakin titi. Ban san yadda aka yi na ɗora buhunan a jakuna ba.

Na tarar da mutane sun cika gaban rumfa, Bappa ya dawo jiya, yana tsaye a filin da tulin yake dā. Wani ya ce, "Sarkin Maƙera, ƙasa ta jiƙa, ina kayanmu?" Bappa bai kalli 'ya'yansa ba. Ya ce, "Suna hannuna. Ku ba ni kwana biyar." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Na sauke buhunan. Na shirya bayani tun daga hanya, mai kyau ma kuwa. Ya ce, "Zazzage." Sai ya tsuguna yana ɗaukar turke ɗaya ɗaya, ya ƙwanƙwasa a kan uwar maƙera, ya kasa kunne, ya ware. "Wannan na gidan Haladu ne. Wannan ƙarfen garmar Hambali ne, ni na ƙera wa ubansa." Ko da gaske yake ji, ko don mutane su ji ne, Allah masani. Amma hayaniya ta kwanta.

Ni kuwa abin da ya ce mini kawai: "Cire agogon. Kama zuga-zugi."

Alhamis, 16 ga Mayu

Hannuna duk ya yi bororo. Maikano sai kirana yake "Malam Inci".

Lahadi, 19 ga Mayu

Saura fartanya bakwai. Jiya Bappa ya miƙo mini masaba ba tare da ya dube ni ba, ya ce in fitar da bakin garmar Hambali. Rabona da masaba shekara goma sha tara. Ashe hannu bai manta duka ba.

Ni na kai wa Inna Turai har gona, don dai hanyata ce. Ta juya ta, ta ce, "Wa ya yi wannan? Ta ɗan karkace." Na ce wani sabon hannu ne. Ta sara ƙasa sau biyu, ta ce, "Za ta ci. Ka ce masa ya dage." Ta kuma tambaye ni, tunda ni mai zuwa Kano ne, ko sojoji na samun wurin kwana in ana ruwa. Na ce suna da tanti, Inna, masu ƙarfi.

Alhaji ya aiko wai ya huce, akwai wata kwangilar, in zo gobe da rula. Motar Kano da hantsi take wucewa. Bappa kuma ya ce a hura wuta da an idar da asuba. Ban ce wa Bappa zan zo ba. Na dai jiƙa hannuna a ruwan bagaruwa, saboda zafi, ba don wani abu ba.

In na ƙara sati a rumfa fa? Yaƙin da ya yi wata goma babu turakuna, sati ɗaya ne zai gagare shi?